Abokin Hawan Dutse

Na sauko Narin ranar kasuwa,
saura kwana shida mu hau da tumaki.
Na sayi gishiri, na sayi shayi,
igiya, ashana, maganin kofaton doki,
sannan na ja birki a rumfar Ermek
inda rediyo talatin ke surutu lokaci guda
kamar 'yan biki da ba a kawo wa abinci ba.

"Baba Toktosun, ga wanda ake yayi,
fitilarsa ja da shuɗiya,
ka jona shi a bango ya sha wuta ya ƙoshi."
Na ce, "Yaro, wane bango?
Ɗakina na gashin tumaki ne,
a bayan doki yake tafiya.
Wutata ta kashin shanu ce,
shayi kawai ta iya."

Ya miƙo wani, siriri, mai sheƙi,
maɓallansa kamar ƙwayar sha'ir.
Na zura safar hannuna ta fata,
na danna ɗaya, uku suka amsa.
A bakin tafkin Son-Kul, ko a Yuli,
yatsa kan ƙi lanƙwasa da asuba.
Ni dai a ba ni mai murɗawa.

Na uku murya gare shi kamar sa,
amma manyan batir huɗu yake haɗiya.
Na taɓa ɗaukar yaron kiwo irinsa,
ga baki, ga ci,
kafin kaka buhun gari ya kwanta.

Can ƙurya na hango wani baƙi,
ba kwali, ƙura ta rufe masa fuska.
Batir biyu 'yan ƙanana,
eriya kamu ɗaya, maɗauri na roba.
Na jefa shi aljihun ƙirji, ya zauna daram.
Nan ne wurinsa, don batir ba ya son sanyi,
sai an ɗumama shi a jiki
kamar ɗan ragon da aka haifa tsakar dare.

Na fita da shi bayan kasuwa,
tsakanin shagunan ƙarfe da bola.
Na murɗa. Shuuu, kamar iska cikin ciyawa.
Bishkek ta leƙo ta koma.
Wani harshe daga bayan duwatsu
ya yi ta zuba, ban tsinci ko kalma ba.
Na ƙara murɗawa kaɗan,
sai ga wata mata, ba gaggawa,
tana karanta farashin ulu
da inda hadari zai kwana.

Shekara arba'in da ɗaya
Burulkan na magana tana kaɗa nonon goɗiya,
wa ya haihu, wa ya ci bashi,
gwiwarta ta ce gobe da ruwa.
Ni kuwa ina gyaran linzami
ina cewa "uhm" ba tare da na ji ba.
Tun watan Fabrairu
babu wanda zan ce wa "uhm".
Kare ba ya tanka wa,
tukunya kuwa sai ta tafasa.

Matar ta ce, "Ranar Alhamis za a yi ruwa."
Sai na ji bakina ya ce, "Uhm."

Ermek ya ce som ɗari tara.
Na ce shida. Ya rantse da uwarsa.
Muka rabu a bakwai, da gyaran batir takwas.
Yana naɗewa ya tambaya,
"Don labarai ne, Baba?"
Na ce, "Don yanayi."
Ban ƙara masa komai ba.

Yanzu ga mu a sama.
Ina rataye shi a sandar ƙofa,
ina rage murya har ta zama gunaguni,
in juya masa baya, in hura wuta.
Ranar Alhamis ko ɗigo bai sauka ba.
Ban yi fushi ba.
Gwiwar Burulkan ma ta sha yin kuskure,
ban taɓa faɗa mata ba.